HASKEN LANTARKI NA NEMAN KORAR TAURARI DAGA TUDUN STELLAFANE

A Jihar Vermont, can arewa maso gabashin ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin gari mai suna Springfield, wanda jama'arsa ba su wuce dubu tara da 'yan kai ba. A bayan garin akwai wani tudu da ake kira Breezy Hill. A kan tudun kuwa akwai wani ɗan gidan katako mai fenti ruwan hoda, kusa da shi kuma ga wani ginin siminti mai kama da rumbu, wanda aka girka madubin hangen taurari a kansa. Sunan wurin Stellafane, kalmar da aka harhaɗa daga harshen Latin, ma'anarta ɗakin girmama taurari.

Wurin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wata jami'a ba. Mallakar wata ƙungiya ce ta 'yan sa-kai, watau maƙera da malaman makaranta da akawuna da 'yan fansho, waɗanda ke sassaƙa madubin hangen nesa da hannunsu, su hau tudu da dare su yi nazarin sararin samaniya, ba don albashi ba. Ya kamata a bambanta su da 'yan duba. Su ba ruwansu da sa'a ko rashin sa'ar kowa, abin da ya dame su shi ne ilmin falaki tsantsa. Ginin nasu bai taka kara ya karya ba, filin ma duwatsu ne da ciyawa. Babbar dukiyar wurin ita ce duhun dare, kuma ita ce abin da bunƙasar gari ke yi wa barazana tun shekaru masu yawa.

YADDA AKA KAFA WURIN

Wanda ya assasa wannan al'amari shi ne Mista Russell Porter, haifaffen garin a 1871. Ya koyi zanen gine-gine, sa'an nan ya ɓata ƙuruciyarsa yana bin ayarin masu binciken ƙasashen ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya. A 1919 ya komo gida ya kama aiki a masana'antar injuna ta Jones & Lamson, ƙarƙashin Mista James Hartness, wanda shi ma mai sha'awar taurari ne, kuma daga baya ya zama Gwamnan Jihar daga 1921 zuwa 1923.

A 1920 Porter ya buɗe aji don koya wa mutanen garin yadda ake yin madubin hangen nesa. Ɗalibansa su goma sha wani abu ne, galibinsu ma'aikatan masana'antar, da mace ɗaya a cikinsu. Aikin na masu haƙuri ne ƙwarai. Akan samo faifan gilashi biyu masu kauri, a ɗora ɗaya a kan ganga, a barbaɗa garin dutse mai kaifi da ruwa, a riƙa goga ɗayan a kansa ana zagaya gangar, kamar mace a bakin dutsen niƙa. Sannu a hankali sai cikin gilashin na sama ya lotsa kamar faranti. Daga nan a riƙa sauya garin zuwa wanda ya fi laushi, har a kai ga goge shi da wata jar hoda a kan ƙaro. A ƙarshe a gwada shi da 'yar fitila da reza, gwajin da ke tona kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba. Mutum na iya shafe watanni a kan madubi guda.

Ɗaliban nan ne suka kafa ƙungiya a watan Disamba 1923, suka gina ɗan gidan nan a kan tudun a 1924. A 1925 wani editan mujallar Scientific American, Mista Albert Ingalls, ya buga labarinsu, sai wasiƙu suka yi ta kwarara daga ko'ina. A 1926 aka yi taron farko na masu yin madubi a kan tudun, da mutum wajen ashirin. In ban da 'yan shekaru da aka tsallake, ana yin taron kowace shekara a lokacin zafinsu, a daidaita shi da kwanakin duhun wata, kuma mahalartansa kan kai ɗaruruwa, wani lokaci har fiye da dubu. Ginin simintin nan mai madubi inci 12 an kammala shi a 1930.

Shi kuwa Porter, a 1928 aka gayyace shi Kalifoniya don ya sa hannu a aikin babban madubin Dutsen Palomar mai faɗin inci 200, wanda ya daɗe yana riƙe da kambin girma a duniya. Ya rasu a 1949. A 1989 Gwamnatin Tarayyar Amurka ta sanya Stellafane cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

ZANCEN KURKUKU

Springfield gari ne da ya ci ya ƙoshi da sana'ar ƙera injuna, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma daga shekarun 1980 kasuwar ta fara ja da baya, masana'antun suka riƙa rage ma'aikata, wasu suka rufe ƙofa gaba ɗaya. Matasa suka fara barin gari, kuɗin shiga na hukumar garin ya ragu. A daidai wannan lokaci ne Gwamnatin Jihar, a zamanin Gwamna Howard Dean, ta rasa inda za ta sa fursunoninta, har ta kai tana tura wasu zuwa gidajen yarin wasu jihohi tana biya. Sai aka kawo shawarar gina sabon kurkuku a gefen Springfield, kusa da babbar hanyar mota, tare da alkawarin aikin yi da wasu ayyukan raya gari.

A 1999 mutanen garin suka jefa ƙuri'a suka amince. Duk mai adalci ba zai ga laifinsu ba. Wanda ya rasa aikin da ubansa da kakansa suka ci abinci da shi, ba za a ce masa ya ƙi albashin gandiroba don wasu baƙi su zo kallon taurari sau ɗaya a shekara ba.

Amma hankalin 'yan ƙungiyar Stellafane ya tashi matuƙa, domin wurin da aka zaɓa mil kaɗan ne daga tudunsu, kuma ba ginin da ya kai kurkuku cin wuta. Kanti yakan rufe, filin ƙwallo yakan kashe fitilunsa in an tashi wasa, amma katangar kurkuku tilas ta kwana a haske tun daga magariba har wayewar gari, kowace rana ta Allah. Labari ya bazu cikin mujallun masu nazarin taurari, takardun koke suka riƙa isa ofisoshin Jihar daga sassan Amurka da ƙasashen waje.

Vermont jiha ce mai kishin kyan ƙasarta. Tun 1968 ta haramta kafa manyan allunan talla a bakin hanyoyi, a 1970 kuma ta yi dokar da aka fi sani da lamba 250, wadda ta wajabta a auna duk wani babban gini kafin a ba shi izini, har da duba ko zai ɓata kyan wuri ko ya cuci wani wurin tarihi. Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya gina katanga a gonar wani, ko ya zuba dagwalo a rafinsa, akwai kotun da za a kai shi. Amma duhun da ke bisa kan tudu ba shi da takardar mallaka. Matsayin wurin tarihi yana kare katako da siminti, bai ce komai ba game da abin da ya sa aka yi ginin tun farko.

Da 'yan ƙungiyar suka ga ba su da ƙarfin hana ginin, sai suka mai da ƙoƙarinsu kan tsarin fitilun: nawa za a kafa, ina za su fuskanta, wane irin murfi za a sa musu. Wannan dabara ce ta masu hankali, domin ta fitar da maganar daga gardamar ko aikin yi ko taurari, ta mai da ita batun injiniyoyi wanda za a iya zama a teburi a auna. An gina kurkukun, an buɗe shi a 2003 da gurbin fursunoni kimanin 350. Ƙungiyar ba ta tashi daga tudunta ba, taron shekara-shekara ma bai mutu ba.

ME FITILA KE YI WA SARARIN SAMA?

Hausawa na cewa rashin farin wata tauraro ke haske. Kowa ya san daren sha huɗu taurari kaɗan ake gani, ba don sun tafi ko'ina ba, sai don hasken wata ya cika sararin ya shafe su. Abin da fitilun gari ke yi ke nan, da bambanci guda: wata yana da kwanakin duhu, lantarki ba shi da su.

Hasken da ya tsere daga fitila ya nufi sama ba ya wucewa salin-alin. Yana cin karo da iska da ƙura da raɓa, su warwatsa shi, wani kaso ya komo ƙasa. Shi ya sa matafiyi da dare kan hango wani jan haske ya yi rumfa a kan birni tun yana nesa da shi. Wanda ya taɓa lura da fitilar mota a cikin hazon hunturu ya ga yadda abin ke faruwa. Mafi muni shi ne hasken da ke fita a kwance, ko ya ɗan ɗaga sama kaɗan, domin shi ne ke ratsa iska mai nisa, ya je ya ɓata sararin ƙauyen da ko turken lantarki ba shi da shi.

Kusanci kuwa yana da babban tasiri. A 1977 wani masani, Merle Walker, ya auna hasken biranen Kalifoniya, ya gano cewa in aka ninka nisa sau biyu, hasken da birni ke zubawa a sama yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin shida. A bisa wannan ƙiyasi, fitila guda a mil 4 tana iya yin ɓarnar fitilu fiye da 300 irinta da ke mil 40. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin gini a maƙwabta ya fi tayar wa masu nazarin taurari hankali fiye da babban birni mai nisa.

Wani zai ce, to ba amfanin madubin ke nan ba? Gaskiya ne madubi mai faɗin inci 6 yana tara haske fiye da ƙwayar idon mutum sau 400 da ɗoriya. Amma ba ya tsince hasken tauraro ya bar na fitila, duka yake kwasowa. Wata da duniyoyi masu haske, irin su Zara da Mushtari, ana ganinsu ko daga tsakiyar birni. Abin da ke ɓacewa shi ne abubuwa masu dishi-dishi: gizagizan iskar da taurari ke haihuwa a cikinsu, da tarin taurari masu nisan gaske, da tauraruwa mai wutsiya tun tana tafe ba ta bayyana ba, da farar ɗamarar nan da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe, wadda Larabawa ke kira Majarra. Bugu da ƙari, idon ɗan Adam yana bukatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, walƙiyar fitila guda kuwa ta isa ta mai da shi baya.

MANYA SUN GUDU, ƘANANA FA?

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga manyan gidajen nazarin taurari. Hayaƙi da fitilun Landan sun kori shahararren gidan nan na Greenwich zuwa karkarar Sussex bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ma aka kwashe babban madubinsa aka kai tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, inda ya koma aiki a 1984. A Dutsen Wilson da ke kallon birnin Los Angeles, sai da aka rage fitilun birnin saboda tsoron harin jiragen sama a lokacin yaƙi, sa'an nan masani Walter Baade ya sami duhun da ya ba shi damar rarrabe taurarin tsakiyar Andromeda, aikin da ya buga a 1944. Yau manyan madubai suna kan duwatsun Chile da Hawaii, wasu ma an harba su sararin samaniya.

Mai kuɗin gwamnati ke nan. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin rajistar 'ya'yanta ba ta da wannan gata. Ko da ta sami fili a wani dajin, ba za ta ɗauki tarihin shekara ɗari ta tafi da shi ba. Kuma amfanin irin wannan wuri shi ne kusancinsa da jama'a, inda ma'aikaci zai tashi aiki ya iso kafin dare ya raba, malami ya kawo ɗalibansa. In ya yi nisan da sai mai hali ke zuwa, ya tashi daga abin da aka gina shi dominsa.

Kada kuma a ɗauka aikin 'yan sa-kai wasa ne. Clyde Tombaugh ɗan manomi ne a Jihar Kansas da ya yi madubinsa da hannunsa, zane-zanen da ya aika ne suka sa aka ɗauke shi aiki a gidan nazari na Lowell, inda ya gano Pluto a 1930. Tun 1911 akwai ƙungiya a Amurka da ke tattara awon taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, yawancin masu awon 'yan sa-kai ne, masana kuma na dogara da shi. A 1995 Thomas Bopp, wanda ba shi da ko madubin kansa, yana leƙa na abokinsa a hamadar Arizona ya ci karo da tauraruwa mai wutsiyar da duniya ta yi ta kallo a 1997. A 2009 wani ɗan sa-kai a Ostareliya, Anthony Wesley, shi ya fara ganin tabon wani abu da ya faɗa wa Mushtari, kafin manyan madubai su juya wajen. Hatta ma'aunin duhun sama mai hawa 9 da ake amfani da shi yanzu, wani ɗan sa-kai ne, John Bortle, ya fito da shi a 2001.

MAGANIN BA SHI DA TSADA

Abin mamaki game da wannan nau'in gurɓata shi ne sauƙin maganinsa. Rafin da aka zuba wa guba yakan ɗauki shekaru bai warke ba, amma sama tana komawa yadda take a daren da aka gyara fitila. Ba kuma cewa ake a zauna cikin duhu ba. Sharuɗɗan su ne a sa wa fitila murfin da zai hana haske fita sama ko a kwance, a haska inda ake bukata gwargwadon bukata, a kashe ko a rage in dare ya yi nisa, a kuma zaɓi ƙwai mai haske ja-ja maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi, domin shuɗin haske ya fi warwatsuwa a iska.

Hatta ta fuskar tsaro, fitilar da ke dallare ido ba abokiyar mai gadi ba ce. Tana kashe masa gani, ta bar inuwa baƙi ƙirin a bayan kowane bango. Hasken da ya tafi sama kuwa bai kama ɓarawo ko ɗaya ba, kuɗin wuta ne kawai aka ƙone.

Garin Flagstaff na Jihar Arizona ya yi dokar taƙaita fitilu tun 1958 don kare gidan Lowell, kuma garin bai daina girma ba. A 1988 wani masanin taurari, David Crawford, da wani likita ɗan sa-kai, Tim Hunter, suka kafa ƙungiyar kare duhun sama a birnin Tucson, wadda yanzu ake kira DarkSky International. Ƙasar Faransa ma ta yi doka a 2013, ta ƙarfafa ta a 2018, wadda ta tilasta kashe fitilun ofisoshin da ba kowa a ciki da na tagogin kantuna in dare ya tsala.

Duk da haka alƙaluma ba su da daɗin ji. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin sararin da fitilu suka gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune. A Amurka ta Arewa adadin ya kusa kashi 80 cikin 100. Ƙasashen da jama'arsu suka fi kowa samun tsabtataccen sama su ne Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Ba abin taƙama ba ne gaba ɗaya, tun da ƙarancin lantarki ne ya jawo, amma yana nufin ƙasashen da ba su gama kafa turakunsu ba suna da zarafin da Turai ta riga ta ɓarar, watau su zaɓi fitilar kirki tun daga farko.

Wani binciken da aka buga a mujallar Science a 2023, wanda aka gina a kan rahotanni fiye da 51,000 na mutanen da suka ƙirga taurari da idonsu tsakanin 2011 da 2022, ya gano cewa hasken sararin dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara a wuraren da aka auna. Masu binciken suka ce yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100 kawai zai riƙa gani. Sabbin ƙwayayen nan na LED da ake yabo don tsimin wuta suna da hannu a ciki, domin da haske ya yi araha sai kowa ya ƙara yawansa, kuma da yawansu masu farin haske ne.

Wannan ne ya sa barazanar da ke gaban Stellafane a yau ta fi ta kurkuku wuyar sha'ani. Kurkuku gini ne guda, mai shi sananne ne, akwai ofishin da za a kai masa takarda, akwai zaman sauraron jama'a. Amma gidan mai da ya sauya fitilunsa, da filin ajiye motoci na sabon kanti, da maigidan da ya saya wa ƙofarsa fitila mai dallare unguwa, ba wanda ya nemi izinin kowa, ba kuma wanda shi kaɗai za a nuna a ce shi ne. A shekarar 2023 ƙungiyar ta cika shekara 100 da kafuwa. A lokacin taronta ba a yarda kowa ya kunna farar fitila a filin kallo ba, sai 'yar tocila mai jan haske, motoci ma akan taƙaita zirga-zirgarsu in dare ya yi. Ikon ƙungiyar na zartar da wannan doka yana ƙarewa ne a kan iyakar filinta, abin da ke bayan nan kuwa yana hannun hukumar tsara gari da ta Jiha.